Jinjina ga Dillalan Ƙwanji na Tsibirin Roatan

Ranku ya daɗe, dillalan ƙwanji. Allah ya ja zamaninku, ku da kuka raba ɗan Adam da wahalar da ta bi shi tun fil azal. Kafin zuwanku, duk mai son damtse ya cika masa hannun riga sai ya yi gumi. Ya ɗaga ƙarfe, ya sari itace, ya riƙe fartanya, ya ci abinci mai gina jiki, ya kwanta da wuri, ya jure wata da watanni. Ku kuwa kuka dubi wannan doguwar hanya kuka ce ta tsufa. Yanzu sai dai mutum ya hau jirgi zuwa tsibirin Roatan na ƙasar Honduras, ya ajiye dala 25,000, ya ɗaga riga a tsira masa allura a kitsen ciki, ya koma gida yana jiran tsoka ta tsiro. Kun sa wa abin suna gyaran ƙwayoyin gado, kun ce yana ƙara ƙwanji, yana rage kitse, har yana jan linzamin tsufa. Wa ya taɓa yi wa masu kuɗi gata irin wannan? Sai ku, sai kamfaninku Minicircle.

Abin yabo na farko shi ne sanin tarihi da kuka yi, da iya zaɓen abin da za a faɗa daga cikinsa. A shekarar 1997, Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gano wani furotin da ke taka wa tsoka burki don kada ta yi girman da ya wuce kima. Sunansa mayostatin. Da suka cire ƙwayar gadon da ke samar da shi daga jikin ɓeraye, sai ga ɓeraye da tsoka ninki biyu. Nan take aka fahimci sirrin wasu shanun ƙasar Beljiyam masu jiki curi-curi, ashe burkin nan ne ya lalace a jininsu. A 2004 likitoci a Jamus suka ba da labarin wani yaro da aka haifa da irin wannan sauyi, cinyoyinsa a murɗe tun yana jariri. Akwai kuma wani furotin, folistatin, wanda ke kama mayostatin ya ɗaure shi. A 2007 Lee ya haɗa biyun, ya cire burki ya ƙara folistatin, ɓerayensa suka yi tsoka ninki huɗu. Duk wannan gaskiya ne, kuma da shi ake kafa hujjar kasuwarku. Madalla.

Sai dai hikimarku ta fi fitowa a abin da kuka sauke wa mai saye nauyin ji. Shanun Beljiyam ɗin nan yawancinsu ba sa iya haihuwa da kansu, sai likitan dabbobi ya tsaga ciki ya ciro maraƙin. Ɓerayen da ba su da mayostatin kuwa, da masana suka auna su, sai aka ga ƙarfin tsokarsu bai kai girmanta ba, jijiyoyin da ke haɗa tsokar da ƙashi kuma sun fi ƙanƙanta da saurin rauni. Bahaushe ya ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Amma mene ne amfanin ɓata wa mai dala 25,000 rai da irin wannan zance? Mutum ya taho daga nesa da fara'arsa, hoton ɓera ƙato ya ishe shi. Kun kyauta da kuka tausaya masa.

Abin yabo na biyu jarumta ce. Manyan kamfanonin magunguna na duniya sun shafe shekaru suna bin wannan hanya, suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Wyeth ya gwada maganin toshe mayostatin a kan manya masu cutar lalacewar tsoka, sakamakon da ya fito a 2008 bai nuna ƙarin ƙarfi ba. Acceleron ya dakatar da gwajin nasa a kan yara saboda haɓo da zubar jini a dasashi. Novartis ya gwada nasa a kan masu wata cutar tsoka ta manya, a 2016 ya bayyana cewa bai kai ga abin da aka nema ba. Pfizer ya tsayar da nasa gwajin a kan yara masu cutar tsoka ta Duchenne a 2018. Acceleron ya sake dawowa da wani magani da aka ƙera daga folistatin ɗin kansa. Aka auna, tsokar ta ƙara kauri, amma marasa lafiyan ba su ƙara iya tafiya ko ɗaga hannu yadda ake fata ba, a 2019 aka fara naɗe tabarmar aikin. Waɗannan duka sun kashe miliyoyin daloli, da likitoci da ɗakunan bincike, sun dawo sun ce abin da ya yiwu a ɓera ya ƙi yiwuwa a mutum cikin sauƙi. Ku kuwa, 'yan samari daga birnin Austin, kun tsallake abin da ya kayar da su. Kun gane cewa gwajin ƙwarai ne ke kayar da magani, sai kuka ƙi yin sa. Wannan basira ko a littafi babu ita.

Kun ma fi Jerry Mendell dabara, likitan nan na asibitin yara da ke Columbus a jihar Ohayo. Shi ya ɗauki ƙwayar gadon folistatin ya sa ta a cikin ƙwayar cutar da aka cire wa dafi, aka fara gwadawa a birai, aka nemi izinin hukuma, sannan ya yi wa mutum shida masu cutar tsoka ta Becker allura a cinya. A 2015 ya wallafa abin da ya gani: wasu sun ƙara nisan tafiya, wasu ba su ƙara ba. Shekara da shekaru na aiki, mutum shida, sakamako a gauraye, kuma ya faɗe shi yadda yake. Ina riba a nan? Ku da kuka juya baya ga marasa lafiya kuka fuskanci lafiyayyu masu asusun banki, ku kuka san inda kasuwa take ci.

Ba za a manta da magabatanku ba, don kowane gwani da malaminsa. A 2015 Elizabeth Parrish, shugabar kamfanin BioViva, ta tafi ƙasar Kolombiya aka yi mata allurar ƙwayoyin gado iri biyu, ɗaya daga ciki ta folistatin. Ita ce mai kamfani, ita ce majinyaciya, ita ce mai ba da shaida. Daga baya aka sanar wa duniya cewa wasu ƙwayoyin jininta sun koma baya da shekara ashirin. Farfesa George Martin na Jami'ar Washington, wanda ke cikin masu ba kamfanin shawara, ya ajiye muƙaminsa da jin abin da aka yi. Tsoho ne mai tsohon tunani, bai san zamani ya wuce tambayar hujja ba. Sai kuma watan Oktoban 2017, a wani taro a San Faransisko, inda wani mai suna Zayner na kamfanin The ODIN ya zama abin kallo. Aka hau dandamali, aka kurɓi barasa, aka zaro sirinji aka tsira a hannu a gaban jama'a, wai za a datse mayostatin da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR. Hannu bai ƙaru da komai ba, amma suna ya zaga duniya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fito ta yi gargaɗin cewa sayar da irin waɗannan kaya don mutum ya yi wa kansa ya saɓa wa doka. Daga nan kuka ɗauki darasi mai daraja: inda hukuma take da baki, kada a kafa rumfa.

Shi ya kawo mu abin yabo na uku, iya zaɓen wuri. A cikin Roatan akwai wani yanki mai suna Prospera, wanda kamfani mai zaman kansa ke gudanarwa a ƙarƙashin wata dokar Honduras ta 2013 da ta ba irin waɗannan yankuna damar tsara dokokin kasuwancinsu. A nan ɗan kasuwa na da ta cewa a kan ƙa'idar da za ta hau kansa. Majalisar Honduras ta soke dokar a 2022 a zamanin Shugaba Xiomara Castro, kotun ƙoli ta ce ta saɓa wa tsarin mulki a 2024, masu Prospera kuma suka kai ƙasar ƙara gaban kotun sasanci ta ƙasa da ƙasa suna neman diyyar kusan dala biliyan 11. Honduras na cikin ƙasashe mafi talauci a nahiyar Amurka. Ga masunta na ƙauyen Crawfish Rock a gefen katanga suna fargabar ƙasarsu, ga attajirai suna sauka daga jirgi don a ƙara musu tsoka. Kun ce dokokin Amurka na kashe mutane da jinkiri, shi ya sa kuka yi hijira don ceton bil'adama. Allah sarki, irin wannan sadaukarwa. Kun bar gida da dangi kun tare a bakin teku, duk don talaka ya samu allurar dala 25,000.

Abin yabo na huɗu shi ne tsarin bincikenku, wanda ya kamata a koyar a jami'o'i. Masu tsohon yayi kan raba mutane gida biyu, a ba wasu maganin gaske, a ba wasu allurar ruwan gishiri, ba mai sanin abin da aka ba shi, har likitan ma bai sani ba, sannan a kwatanta. Ku kun ga rashin adalci ne a hana wani alheri, sai kuka ba kowa. Mutum arba'in da 'yan kai, babu rukunin kwatanci ko ɗaya. Bayan wata uku aka auna, aka ce nauyin jikin da ba kitse ba ya ƙaru da abin da bai cika kilo ɗaya ba. Masu hassada za su ce awon nan yana haɗawa da ruwan jiki, kuma ruwan da mutum ya sha da abincin da ya ci na iya motsa shi. Za su ce wanda ya ketare teku don neman ƙwanji, ya dawo da imanin cewa jikinsa ya canja, dole ya ƙara himma a wurin motsa jiki ya gyara cimarsa. Za su ce saurayin da ya fara ɗaga ƙarfe yau yana iya samun wannan kilo a wata ukun, bai biya ko sisi ba sai kuɗin ƙwai da wake. Ku rabu da su. Kun rubuta sakamakonku kun saka a intanet da kanku, ba ku tsaya jiran wata mujallar kimiyya ta tura wa masana su yi ta tone-tone ba. Ku ne masu kaya, ku ne masu awo, ku ne masu shela. Mai tallan magani da lasifika a bakin kasuwa, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir da shawara da ciwon baya, ai ko shi yakan nemo wani daga cikin taro ya ba da shaida. Ku kun ɗauke wa kanku wannan ɗawainiya.

Masu hassadar nan ba su tsaya nan ba, har abin da ke cikin sirinjin suke tuhuma. Abin da kuke tsirawa zoben DNA ne da ake kira filasmid, haɗe da wani sinadari da zai taimaka masa shiga ƙwayoyin jiki. Masana wannan fanni sun daɗe da sanin cewa irin wannan zobe kaɗan ne daga cikinsa ke isa inda ake so, wanda ya isa ɗin ma aikinsa kan dushe da wuri. Shi ya sa magungunan ƙwayoyin gado na cututtukan tsoka da hukumomi suka amince da su ke amfani da ƙwayar cuta a matsayin abin dako, duk da tsadarta da haɗarinta. Binciken ɓerayen da ake kafa hujja da shi cewa folistatin na ƙara tsawon rai, shi ma da ƙwayar cuta aka yi shi. Wato ku kun samu da hanya mai araha abin da ya gagari masu hanya mai tsada, kuma a allura ɗaya a kitsen ciki ya wadaci tsokar jiki kaf har tsawon shekara. Wanda ya yi irin wannan abin al'ajabi, da shi ne wani, da ya roƙi masana na waje su zo su maimaita gwajin don duniya ta shaida. Ku kunya da kawaici sun hana ku.

Ga kuma babban baƙonku, Bryan Johnson, wanda ya sayar da kamfaninsa Braintree ga PayPal a kan dala miliyan 800 a 2013, yake kuma kashe kimanin dala miliyan 2 a shekara don kada ya tsufa. A 2023 ya zo Roatan aka yi masa allurarku, kyamara na ɗauka, miliyoyin mutane suka kalla. An ce attajirai Peter Thiel da Sam Altman na cikin waɗanda suka zuba muku jari, kamar yadda jaridun Amurka suka ruwaito, amma Johnson ne tallan da kuɗi ba ya saye. Mutum ne da ke haɗiyar gomman ƙwayoyi kullum, yana motsa jiki awa guda kowace safiya, yana gama cin abincin yini kafin azahar, yana kwanciya a kan lokaci ɗaya, tawagar likitoci na bibiyar kowace gaɓa tasa. A 2023 ɗin ce ya sa aka ɗura masa ruwan jinin ɗansa, daga baya ya ce bai ga amfaninsa ba ya daina. To idan tsokar irin wannan mutum ta ƙaru, wa zai yi shakkar cewa allurarku ce? Sauran abubuwa ɗari da yake yi ai ado ne kawai.

Abin yabo na ƙarshe shi ne kwantar da hankali. Kun ce ba a ga wata mummunar illa ba, kun ce ma akwai makullin kashe abin idan an so. Ba ku tayar wa kowa da hankali da cewa folistatin ba mayostatin kaɗai yake ɗaurewa ba. Yana kama wani furotin mai suna aktibin, wanda ke da hannu a sinadaran haihuwa, da kumburi, da girman ƙwayoyin jiki. A ruwan ƙwan mace ma aka fara gano shi a 1987. Akwai binciken da ya danganta yawansa a jini da haɗarin ciwon sukari, ana kuma samunsa da yawa a wasu nau'o'in ciwon daji. Zuciya ita ma tsoka ce. Wata uku da mutum arba'in ba za su nuna abin da zai faru bayan shekara goma ba. Sai dai kun bar mai saye a wuri mai daɗi ta kowace fuska. In allurar ba ta aiki, ya tsira da lafiyarsa, kuɗinsa ne kawai suka tafi. In tana aiki, ya samu darajar zama ɗan gwaji a binciken da ba wanda ya san ƙarshensa, kuma shi ya biya.

A nan yabo ya ƙare, mai karatu, domin akwai waɗanda wannan wasa ke ci musu tuwo a ƙwarya. Akwai yara maza masu cutar Duchenne, kimanin ɗaya cikin kowane 3,500 zuwa 5,000 da ake haifa, waɗanda tsokarsu ke narkewa har su koma keken guragu wajen shekara goma sha biyu. Don irinsu ake wannan bincike, kuma hanyar cike take da kaburbura. Jesse Gelsinger, ɗan shekara 18, ya rasu a 1999 a gwajin ƙwayoyin gado na Jami'ar Pennsylvania, fannin gaba ɗaya ya koma baya da shekaru. Maganin Elevidys da Amurka ta amince da shi a 2023 don masu Duchenne, mai tsadar dala miliyan 3.2, a 2025 samari biyu da aka yi wa shi sun rasu sanadiyyar gazawar hanta. Mun san da mutuwarsu ne saboda akwai doka da ta tilasta a bayyana, da hukumar da za ta bi diddigi. Wanda ya kai gwajinsa inda wannan hannu ba ya isa, ya zaɓi kada a iya tambayarsa.

Mu ba baƙi ba ne a wannan darasi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a binciken da ya haɗa yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayanin gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Rashin yardar da abin ya haifar ya bi mu har cikin rigakafin shan inna. Gyaran ƙwayoyin gado kuwa ilmi ne na gaske da muke da buƙatarsa fiye da attajiran Roatan. Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila ta hanyar CRISPR, wanda kuɗinsa ya kai dala miliyan 2.2. Ranar da irin wannan magani zai sauko ya iso gare mu, zai buƙaci yardar iyaye. Kowane dillali da ya sayar da alkawarin da bai tabbatar ba da sunan wannan ilmi, daga wannan yardar yake yagar rabonsa.

Saboda haka duk wanda ya zo maka da allurar ƙwanji ko ta hana tsufa, daga Roatan ta fito ko daga shagon intanet, yi masa tambaya huɗu. Mutum nawa aka gwada? Da wa aka kwatanta su? Wane masani da ba ya cin riba a ciki ya duba sakamakon? Wace hukuma za ta kama shi in abin ya ɓaci? In ya amsa da hoton ɓera ko sunan wani attajiri, riƙe kuɗinka ka kama gabanka. Zuwa yau babu wata allurar ƙwayoyin gado da aka tabbatar a gwaji na ƙwarai cewa tana ƙara wa lafiyayyen mutum ƙarfi, kuma nauyin kawo hujja yana wuyan mai sayarwa.